HULAR KWANO A GABAN ALƘALI

Yau zancenmu ya bar madafa da keken ɗinki, ya nufi kotu. Na san wata za ta ce, ina ruwan mace da babur? Ai kuwa da ruwanta. In maigida ko wa ko ƙane ya komo da takardar tara a aljihu don an kama shi ba hular kwano, kuɗin cefane ne zai ragu. In kuwa faɗuwa ya yi ya fasa kai, mu ne masu shimfiɗa tabarma a asibiti. Saboda haka na ga ya kamata mu ji labarin waɗansu mutane na ƙasashen Turawa da suka ƙi biyan irin wannan tara, suka ce sai dai a je gaban alƙali, mu ga wanda ya ci da wanda aka kayar, da dalili.

Mu fara da Amurka, gama can ne aka fi yin wannan shari'a. A yawancin jihohinsu, in ɗan sanda ya tsai da mai babur, sai ya rubuta masa takarda mai ɗauke da sunansa, da laifin da ake tuhumarsa da shi, da ranar da zai bayyana a kotu. Sa hannu a takardar ba amsa laifi ba ne, alkawari ne kawai na zuwa. Wanda ya aika da kuɗin tara, shi ne ya amsa laifi, magana ta ƙare. Wanda bai yarda ba kuwa sai ya je ya ce wa alƙali bai yi ba, a sa ranar shari'a, a kira ɗan sandan ya zo ya faɗi abin da ya gani.

Asalin rigimar daga shekarar 1966 ne. A shekarar nan Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar kiyaye haɗari a hanyoyi, ta ba Gwamnatin Tarayya iko ta riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin gina hanyoyi na duk jihar da ta ƙi bin ƙa'idodin da aka shimfiɗa, cikinsu har da tilasta wa masu babur sa hular kwano. Kun san ba mai son a taɓa masa aljihu, ko da Gwamna ne. Kafin ƙarshen 1975, jihohi 47 cikin 50 sun kafa dokar a kan kowane mahayi, yaro da babba.

Masu babura suka harzuƙa, suka dunguma kotuna. Hujjarsu ta fari guda ce: kaina nawa ne. Suka ce aikin hukuma shi ne ta hana wani ya cuci wani, amma wanda ya hau babur kai a buɗe, in ya faɗi, kansa ya cuta. Da fari maganar ta shiga kunnen waɗansu alƙalai. A 1968 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Mishigan ta rushe dokar jihar. A 1969 kuma wani mutum mai suna Fries, wanda aka kama shi ba hula a jihar Ilinoi, ya bi ƙararsa har Babbar Kotun jihar, ita ma ta ce hukuma ta wuce gona da iri.

Amma murnar ba ta daɗe ba. Kotunan sauran jihohi, ɗaya bayan ɗaya, suka ƙi karɓar hujjar. Wadda ta fi ba da amsa mai shiga jiki ita ce wata kotun tarayya a jihar Masachusets a 1972, cikin ƙarar da wani Mista Simon ya kai Gwamnan jihar. Abin da alƙalan suka nuna masa shi ne, daga sa'ad da mahayi ya faɗi, jama'a ne ke ɗauke shi daga kan titi, su kai shi asibitin gari, likitocin gari su duba shi. In ya warke bai sami aiki ba, daga baitulmali za a tallafe shi. In kuwa ya nakasa har abada, mai yiwuwa ne ɗawainiyarsa da ta iyalinsa ta koma wuyan jama'a. Suka ce ba su ga yadda mutum zai ce abin shi kaɗai ya shafa ba. Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da hukuncin a wannan shekara.

Ni dai a ganina alƙalan nan sun yi gaskiya, sai dai lissafinsu bai cika ba. Sun ƙirga kuɗin baitulmali, ba su ƙirga matar da za ta shekara tana ba ƙato abinci a baki da cokali ba, ko yarinyar da za a cire daga makaranta don ba mai biya mata. Namiji in ya ce kansa nasa ne, a tambayi wadda ke wanke masa hula.

Abin da kotu ta hana su, sai suka nema wajen 'yan majalisa, suka kuwa samu. A 1976 Majalisar Dokoki ta janye maganar riƙe kuɗin hanya, jihohi da yawa suka soke dokar ko suka mai da ita kan yara kaɗai. Har yau akwai jihohi 3 da ba su da dokar hula sam, watau Ilinoi da Ayowa da Niyu Hamsha. Abin mamaki, ita kanta Babbar Kotun Ilinoi ta dawo a 1986, cikin wata shari'a ta ɗamarar kujerar mota, ta janye hujjar da ta kafa a shari'ar Fries.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi, ku 'yan makaranta ku kasa kunne, gama darasi ne na karatu da lura. Jihar Kalifoniya ba ta tilasta wa kowa da kowa sa hula ba sai ran 1 ga Janairu 1992. Masu baburan can sun riga sun ga inda hujjar "kaina nawa ne" ta ƙare, sai suka sake dabara. Suka zauna suka karanta dokar kalma kalma, suka fito da tambaya guda: wai shin mece ce hular kwano?

Kada ku yi dariya, tambayar tana da tushe. Dokar ta ce a sa hular da ta cika ƙa'idar Gwamnatin Tarayya. Ƙa'idar kuwa ta injiniyoyi ce: a ɗora hula bisa gunkin kai, a sako ta daga sama ta bugi maƙera, a soke ta da ƙarfe mai tsini, a ja igiyar haɓa a ga ko za ta tsinke. Gwamnati ba ta fid da jerin hulunan da ta yarda da su ba. Kamfanin da ya ƙera shi ke shaidar kayansa da kansa, ya manna haruffa uku, DOT, a ƙeyar hular. To, mutumin da ya shiga kanti ya ga haruffan nan ya saya, ta yaya zai san ko hular ta ci jarrabawa? Shi kuma ɗan sanda da ke bakin titi, da wace maƙera zai gwada?

Kotu ta fara amsawa a 1993, cikin shari'ar Buhl. Ta ce dokar tana nan daram, amma ba a ɗora wa mai saye ko ɗan sanda aikin gwada ƙirar hula ba, shaidar kamfani ce abin dubawa. A 1994 wata shari'a ta ƙara sharaɗi, cewa in mahayi ya sani sarai hularsa ba ta cika ƙa'ida ba, haruffan ba za su cece shi ba. Duk da haka 'yan sandan manyan hanyoyi suka ci gaba da rubuta tara ga duk wanda hularsa ba ta yi musu kyan gani ba. Sai masu babura suka kai su kotun tarayya, a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba daidai ba ne a rubuta wa mai hula mai shaida takarda, sai in akwai dalili mai ƙarfi na cewa ya san hular ba ta da inganci. Kun ga ba su rushe doka ba, amma sun sa wa mai kama su linzami.

Cikinsu akwai wani mai taurin kai, Richard Quigley, mutumin yankin Santa Kurus. Ba lauya ba ne, shi ke tsayawa ya kare kansa. Yakan ɗora 'yar hula mai laushi irin ta 'yan wasa, da haruffan DOT a jikinta, ya hau babur, a kama shi, ya ce a nuna masa inda doka ta ce wannan ba hula ba ce. A 2006 Alƙali Michael Barton ya soke masa takardun tara da dama, ya ce yadda 'yan sanda ke aiki da dokar bai ba mutum hanyar sanin abin da ake so ya yi ba. Quigley ya rasu a 2007, ciwo ne ya kashe shi ba babur ba. Dokar Kalifoniya kuwa har yau tana aiki. Ina jinjina wa naciyarsa, amma da ƙanena ne, da na ɓoye 'yar hular nan a ƙarƙashin gado. Likitocin da suka tattara binciken ƙasashe da yawa a 2008 sun sami cewa hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Ƙyalle mai haruffa ba ya cikin wannan lissafi.

Duk waɗannan da hujja suka yi faɗa. A Ingila kuwa an yi wani da ya zaɓi wata hanya dabam, watau ƙin biya ƙememe. Dokar hula ta fara aiki can ran 1 ga Yuni 1973. Waɗanda ta fara yi wa ciwo su ne mabiya addinin Sikh, mutanen da asalinsu daga Indiya ne, waɗanda addininsu ya wajabta wa mazansu naɗa rawani. Mu da muka san darajar rawani ba sai an yi mana dogon bayani ba. Aka yi ta cin su tara, har aka ɗaure waɗansu, gama alƙali ba shi da ikon sāke abin da majalisa ta rubuta. Sai wakilin Sawutol a majalisa, Mista Sydney Bidwell, ya gabatar da maganarsu, a 1976 aka yi doka ta ɗauke wa mai rawani na addinin Sikh sa hular kwano.

Ganin haka sai wani tsoho, Fred Hill, ya ce in an ba waɗansu zaɓi, a ba kowa. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu shi ne irin sojan da ke kai saƙo bisa babur. Yakan hau baburinsa da hular ulu, a rubuta masa sammaci, alƙali ya yanka tara, ya ce ba zai biya ko kwabo ba, a aika da shi gidan kurkuku. Ya fito ya sāke. Sau 31 ana ɗaure shi. A ɗauri na ƙarshe, cikin watan Fabrairu 1984, ciwon zuciya ya kama shi yana fursunan kurkukun Pentonbil a Landan, ya rasu yana da shekara 74. Masu babura na Ingila sukan yi hawa na musamman a watan Fabrairu don tunawa da shi. Amma dokar ko wasali guda ba a sāke mata ba sabili da shi. Abin da ke ba ni tausayi, malami ne, ya san lissafi, ya kuma san tarar ba ta kai kwana guda na ransa ba.

Mu ma nan Nijeriya mun taɓa ganin namu wasan. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hula ran 1 ga Janairu 2009, aka ga waɗansu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, waɗansu robar fenti, sun ɗaure da igiya, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje. In kun lura, tambayar Quigley ce suka yi, wai mece ce hula, sai dai su ba su da shaidar kamfani da za su nuna wa alƙali. Dokar hukumar ta 2007 ta yanka naira 2,000 a kan hawan babur ba hular kwano, ta kuma bar wa wanda aka kama zaɓi, ko ya biya ko a kai shi kotu. Wani lokaci ma kotun tafi-da-gidanka ce ke zama nan bakin hanya.

To, uwargida, in takardar nan ta shigo gidanki, ga abin da nake ba da shawara. Kada a cusa ta a ƙarƙashin katifa a ce Allah ya kyauta, gama takardar hukuma ba ta ruɓewa. In maigida bai iya karatun boko ba, a kira 'yar makarantar gidan ta karanta a fili: sunan nasa ne? lambar babur daidai ce? wace rana, a wane wuri, wane laifi aka rubuta? Sa'an nan ki tambaye shi cikin ladabi, bayan ya ci abinci, ko da hula a kansa sa'ad da aka tsai da shi. In babu, kotu ba ta da abin da za ta yi masa sai ɓata kwanakin aikinsa. A je banki a biya cikin asusun Gwamnati, a karɓi rasit a adana, kada a damƙa wa kowa kuɗi a bakin titi.

In kuwa da hularsa ta kirki a ka, igiya a ɗaure, aka rubuta masa don son zuciya, to, kada ki ce masa ya haƙura don tsoron kotu. Ya riƙe hular nan kada ya sāke ta, ya nemo rasiɗin kantin da ya saye ta in yana nan, ya sanar da wanda ya goyo ko wanda abin ya faru a gabansa don ya zo shaida. Ranar shari'a ya yi sammako. Ya yi magana da alƙali, ba da ma'aikacin da ya kama shi ba, ya faɗi abin da ya faru a gajarce, ya bar zancen cewa dokar ba ta yi masa daɗi ba, gama wannan maganar ta 'yan majalisa ce.

Ku kuma ƙannena da ake goyawa zuwa makaranta, in an miƙo muku hula, ku sa ta bisa ɗankwali, ku ja igiyar haɓa har ya zama yatsa biyu kaɗai ke shiga tsakaninta da fata. Hular da ta taɓa buguwa da ƙarfi a haɗari kuwa, ko ba a ga tsaga a bayanta ba, abin da ke cikinta ya riga ya matse, sai a sayi wata.