Sanƙarau da ƙwaƙwalwa: Dalilin da ya sa wasu ke warkewa amma jinsu da haddarsu ba sa dawowa

A farkon shekarar 2024, cutar sanƙarau ta ɓarke a makarantun kwana na Potiskum da kewaye, inda gwamnatin Jihar Yobe ta tabbatar da rasuwar ɗalibai 20. Wannan shi ne adadin da ya fi yawo a labarai.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ƙirgawa ba a irin wannan annoba, wato waɗanda suka tashi daga jinya da ransu amma ba su koma yadda suke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin duk mutum shida da suka kamu da sanƙarau na ƙwayoyin bakteriya, kusan ɗaya na rasuwa, kuma ɗaya cikin biyar na fita da lahani mai ɗorewa, kamar kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi ko wahalar riƙe karatu.

Domin a gane dalilin haka, sai an fara sanin abin da aka gina ƙwaƙwalwa da shi.

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya, waɗanda masana ke kira niyuron, kimanin biliyan 86, bisa ƙididdigar da masaniyar nan 'yar ƙasar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka wallafa a 2009. Kowace ƙwaya tana da gangar jiki, da rassa masu yawa da ke karɓar saƙo, da kuma zare guda mai tsawo da ke fitar da shi. Wani zaren bai kai milimita ɗaya ba, wani kuwa yakan taso daga ƙasan gadon baya har zuwa babban yatsan ƙafa.

Saƙon da ke bin wannan zare na lantarki ne, sai dai ba irin na wayar gida ba. Sinadaran sodiyam da fotasiyam, waɗanda jiki ke samu daga gishiri da abinci, su ne ke shiga da fita ta ƙananan ƙofofi a fatar ƙwayar, kowace ƙofa na buɗe ta gaba da ita har saƙon ya kai ƙarshe. Turawan Ingila biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su ne suka fayyace wannan a 1952. A zaren da ke da rufin kitse, saƙon na iya gudun fiye da mita 100 a daƙiƙa guda. Shi ya sa mutum ke janye ƙafarsa daga garwashi tun kafin ya tantance abin da ya taka.

Abin mamaki shi ne ƙwayoyin ba a manne suke da juna ba. Likitan ƙasar Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi. Tsakaninta da maƙwabciyarta akwai ɗan gibi da ido ba ya gani. Idan saƙo ya iso bakin gibin, sai ƙwayar ta fesa wani sinadari, ta gaba ta karɓa. Wannan wuri shi ne mahaɗa, kuma ƙwaya ɗaya na iya samun dubban mahaɗu.

Wasu saƙonnin na cewa a tashi, wasu na cewa a dakata. Ƙwayar kan tattara su ta auna, kamar yadda dillali a kasuwar shanu ta Potiskum ke sauraron tayi daga ko'ina kafin a sallama. Idan masu cewa a tashi suka rinjaya, sai ita ma ta tura nata saƙon gaba. Farfaɗiya, wadda har yau wasu ke ɗauka tana yaɗuwa ta yawun mai ita, alhali ba ta yaɗuwa, tana faruwa ne idan wannan ma'auni ya karkace, ɗimbin ƙwayoyi suka tashi lokaci guda ba tsari.

A mahaɗun nan ne koyo ke zama. Duk hanyar da aka yawaita bi, mahaɗunta na ƙara ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita kuma ta yi rauni. Almajirin da ke maimaita allonsa da asuba, da ɗalibar da ke bitar lissafi, da yaron mota da ke koyon tuƙin tirela, duk aiki ɗaya suke yi wa ƙwaƙwalwarsu. Malaman tsangaya sun daɗe da sanin darajar tilawa, kimiyya ta zo ne daga baya ta nuna inda take tasiri.

To sai dai wannan aiki na da tsada. Ƙwaƙwalwa kashi biyu ce kacal cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan jini ya daina isa wani sashe nata, ƙwayoyinsa kan fara mutuwa cikin mintuna. Fata na tofowa bayan rauni, ƙashi na haɗewa bayan karaya, amma mafi yawan ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa idan suka mutu ba a maye gurbinsu.

Ta nan sanƙarau ke yin ɓarnarsa. Ƙwaƙwalwa da laka suna lulluɓe ne da tantani hawa uku, da wani ruwa garai-garai da ke kare su daga girgiza. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa annoba a Arewa kan zauna a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta sa su ciwo ba, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Masana na ganin ƙura da bushewar iskar hunturu na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da ke ba ta damar kutsawa cikin jini, daga nan ta isa tantanin. Cunkoson ɗakunan kwana na makaranta kuwa na sauƙaƙa mata tafiya daga wannan gado zuwa wancan.

Da zarar ta isa, garkuwar jiki kan kai ɗauki da ƙarfi, tantanin ya kumbura. Sanƙarewar wuya da cutar ta samo sunanta daga gare ta alama ce ta wannan kumburi. Matsalar ita ce ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Kumburin sai ya matse ƙwaƙwalwa, ya takura jijiyoyin jini, wasu su toshe. Ƙwayoyin da suka rasa iskar oksijin kan zubar da sinadarin gulutamet fiye da kima, shi kuma ya tunzura maƙwabtansu har su ma su lalace. Ke nan wani kaso na lahanin daga ƙwayar cutar yake, wani kuma daga yaƙin da jiki ke yi da ita.

Lahanin da ya fi yawa shi ne na ji. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da sauti saƙon lantarki. Cutar na iya malala zuwa can, kuma waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Haka nan bincike ya nuna tana iya taɓa hifokamfas, sashen da ke ɗaukar sabon abu ya mayar da shi abin tunawa. An gane muhimmancin wannan sashe ne bayan tiyatar da aka yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, a 1953, wanda aka cire masa shi ta ɓangarorin biyu don maganin farfaɗiya. Bai manta yarintarsa ba, amma ya kasa riƙe sabon abin da ya faru da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Saboda haka, ɗalibin da ya dawo aji bayan sanƙarau ya zama mai mantuwa, ko ya daina amsa kira, bai kamata a yi saurin ɗora masa lalaci ko taurin kai ba. Bulala ba ta gyara mahaɗar da ta yanke.

Duk da haka, ƙwayoyin da suka tsira na iya ƙulla sababbin mahaɗu su ɗauki wani ɓangare na aikin waɗanda suka mutu, musamman a yara. A kan wannan ne gashin ƙashi da koyar da magana suka dogara, kuma sun fi amfani idan an fara da wuri.

A fannin bincike, jihar na da Cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda masanin ƙwaƙwalwa Mahmoud Bukar Maina na Jami'ar Sussex ta Ingila ya assasa, inda ake horar da matasa nazarin ƙwayoyin halitta.

Ta fuskar kariya kuwa, Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar rigakafin Men5CV a watan Maris na 2024, wadda ke kare mutum daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar. Yobe na cikin jihohi bakwai da annobar wancan lokaci ta shafa, kuma an nufi masu shekara ɗaya zuwa 29 da allurar.

Lokacin cutar yakan kama daga Disamba zuwa Yuni. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske ko ruɗewa, alamu ne da ke buƙatar asibiti nan take, domin cutar na iya kisa cikin awa 24. A jarirai, maɗiga kan kumbura, su ƙi kama nono. Wasu iyaye na tsoron ɗibar ruwan baya da likita ke yi, amma da shi ake gane nau'in ƙwayar cutar, kuma allurar na shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare.

Bayan sallama, likitoci na ba da shawarar a gwada jin duk wanda ya yi sanƙarau cikin makonnin farko, ko da iyayensa ba su lura da wani canji ba.