Mate: Shayin Ƙoƙo na Kudancin Amurka

Tun kafin Turawan Sifen su isa Kudancin Amurka, mutanen Guarani suke jiƙa ganyen wata bishiya da masana ke kira Ilex paraguariensis suna sha. Har yau a Ajantina da Uruguwe da kudancin Brazil, akan zuba busasshen ganyen cikin ɗan ƙoƙon duma har ya wuce rabi, a karkatar da shi gefe guda, a kafa bututun ƙarfe mai rariya a gindi, wato bombilla, sannan a tsiyaya ruwan zafi. Mutum ɗaya ke zubawa. Kowa ya shanye ya mayar masa. Wanda ya yi godiya kuwa, ya ƙoshi ke nan.

Ganyen yana da kafeyin mai kore barci, kamar goro. Abin lura shi ne zafin ruwan. A 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa abin sha da ya haura digiri 65 yana iya jawo sankarar maƙoshi, alhali ruwan mate yakan kai 70 zuwa 80, kuma ana zuƙarsa nan take. Mutanen Faraguwe sukan sha nasu da ruwan sanyi, suna kiransa tereré.