Fitilar UV Tana Tsaftace Iskar Ɗaki? Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Saya

Tun daga lokacin annobar Korona a 2020, na'urorin tace iska masu ɗauke da tambarin "UV" suka cika shagunan intanet, kowane kwali na alƙawarin kashe ƙwayoyin cuta. Fasahar gaskiya ce, amma ba kowace na'ura ce ke cika alƙawarin ba.

Hasken UV haske ne da ido ba ya gani, kuma an kasa shi uku: UV-A, UV-B da UV-C. Na ƙarshen ne mai aikin. Fitilun da aka fi amfani da su na ɗauke da tururin zaiba, suna fitar da haske mai tsawon zango nanomita 254. Idan ya faɗa kan bakteriya ko bairos, sai ya lalata ƙwayar halittarsu ta DNA ko RNA, su kasa hayayyafa. Wadda ta kasa hayayyafa kuwa ba za ta sa mutum ciwo ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1937 William Wells ya fara kafa irin waɗannan fitilu a makarantu a yankin Filadelfiya ta Amurka don rage yaɗuwar ƙyanda. Ana maƙala su can sama kusa da silin, hasken ya tsaya a saman ɗaki, iskar da mutane suka fitar ta hau ta ratsa shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsari cikin shawarwarinta na daƙile tarin fuka a asibitoci.

Matsalar ƙananan na'urorin gida ita ce lokaci. Kashe ƙwayar cuta ya dogara ga ƙarfin hasken da kuma tsawon zamanta a gabansa. A cikin ƙaramin akwati mai fanka, iska kan wuce gaban fitilar cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan fitilar ba ta da ƙarfi, yawancin ƙwayoyin za su fita lafiya lau, musamman irin fumfuna mai taurin kai. Wasu masu arha ma ba UV-C ba ne a cikinsu, ƙwan LED ne kawai mai launin shuɗi. Shuɗin hasken da kake gani ba shaida ba ce, domin ko fitilar gaske takan ci gaba da haskawa bayan ƙarfinta ya ragu. Shi ya sa ake canza ƙwan bayan kimanin awa 9,000, wato kusan shekara guda idan ba a kashe shi.

Sai abin da UV ba ya iya yi ko kaɗan. Ba ya kwashe ƙura, ba ya kawar da hayaƙin itace ko na janareta, kuma bai da tasiri kan iskar gubar nan ta kabon monoksaid. Ƙurar hunturu ma cutar da fitilar take yi, don tana lulluɓe gilashin ta tare hasken. Mai fama da asma ko atishawar ƙura, matatar HEPA yake buƙata, wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɓurɓushi mai girman maikron 0.3. A ganina, idan kuɗinka na abu ɗaya ne, HEPA za ka saya.

Kada ka taɓa kunna fitilar UV-C a buɗe a ɗakin da mutane ko dabbobi suke. Tana ƙona fata da ido, kuma raɗaɗin ba ya zuwa nan take, sai bayan sa'o'i mutum ya ji kamar an watsa masa yashi a ido. Wasu fitilun kuma na fitar da haske mai nanomita 185, wanda ke samar da iskar ozon mai illa ga huhu. Duba kwali ka tabbatar an rubuta ba ta fitar da ozon, kuma idan ka ji wani wari mai kaifi kamar na bilic, kashe ta ka buɗe taga.

Akwai sabon nau'i mai nanomita 222 da masu bincike irin su David Brenner na Jami'ar Kolombiya ke nazari, wanda ba ya ratsa saman fata sosai. Yana da tsada har yanzu, kuma shi ma yana samar da ɗan ozon a rufaffen ɗaki.