Gaskiya ko Jita-jita: Ruɗewar Tsofaffi a Ƙasar Damargu

A Belbeji da ƙauyukan kwarin Tarka, har zuwa Tanut, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya, ko ya fito daga masallaci ya kasa gane hanyar gida, abin da aka saba ji shi ne: "Ya ruɗe, gigin tsufa ne." A wani gidan kuma sai a yi ƙasa da murya a ce sammu aka yi masa. Likitoci kuwa sun san wannan hali da cutar mantuwa, wadda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa duk shekara. Ga maganganu shida da ke yawo a bakin jama'a, da abin da bincike ya tabbatar.

"Duk wanda ya tsufa sai ya ruɗe"

Jita-jita. Yawan shekaru na ƙara yiwuwar kamuwa, amma mafi yawan tsofaffi suna cikawa da hankalinsu. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbi, can anjima ya tuna. Mai cutar mantuwa zai ci tuwo, a ɗauke kwano, ya rantse tun safe ba a ba shi komai ba. Abin lura shi ne aikin da mutum ya ƙware a kai ya fara kuɓuce masa: ɗan kasuwar da ya shekara arba'in yana lissafin dala da jika ya kasa ba da canji, makiyayin da ya san kowace akuya da kamarta ya daina gane garkensa, uwar gida ta zuba gishiri sau biyu a miya ko ta bar tukunya a wuta ta fita. Suratun Nahli da Suratul Hajji sun ambaci wannan hali a matsayin abin da ke samun wasu daga cikin mutane, ba kowa ba. Kuma ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba. Matar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara nazarin ciwonta, ya bayyana shi a 1906, shekarunta 51 lokacin da aka kai ta asibiti a Faranfot. Nau'in da ke ɗauke da sunan likitan shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar.

"Tunda tana tuna zamanin da, hankalinta lau"

Jita-jita, kuma ita ce ta fi yaudarar iyali. Kaka za ta ba da labarin farin 1973 da juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, ta ƙirga rijiyoyin da suka ƙafe a yunwar 1984, ba ta kuskure ko ɗaya. Sai 'ya'ya su ce ai babu abin da ya same ta. Amma sashen ƙwaƙwalwar da ke adana sabon abu shi cutar ke fara lalatawa. Abin kamar rumbu ne da aka toshe bakinsa: tsohon hatsi na nan a ciki, sabo ba ya shiga. Saboda haka a lura da abin da ya faru yau da jiya. Ta tuna wanda ya zo gaishe ta da safe? Ta san an yi sunan jikarta makon jiya?

"Maita ce, ko aljanu, ko sammu"

Jita-jita mai iya cin rai. Mai cutar mantuwa yakan fita yawo cikin dare, ya kira sunayen waɗanda suka rasu, ya ga mutanen da babu su. Da yawansu rikicewar tana tsananta da almuru, lokacin da jama'a suka fi danganta abu da iskoki, alhali likitoci a ko'ina cikin duniya sun san wannan a matsayin alamar cutar. Tsohuwar da ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin tabarma ta manta, za ta ce surukarta ce ta sace. Ba sharri take yi ba, hankalinta ne ke neman bayanin abin da ya ɓace mata. Mafi muni, idan aka tsare ta da tambaya, tana iya amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba, har ta ce ita ta kama kurwar yaron maƙwabta. Inda irin wannan zargi ke kaiwa an gani a arewacin Ghana, a garin Kafaba, a watan Yulin 2020, inda aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu saboda an ce mayya ce. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa likita. Duka, ɗauri da turaren barkono kuwa zalunci ne ga marar lafiya. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, don haka ba a tsangwamarsa idan ya rikita raka'o'i ko ya sha ruwa da rana cikin azumi.

"Cutar Turawa ce"

Jita-jita. Fiye da kashi 60 cikin 100 na masu cutar suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Wani bincike da aka wallafa a 1995 ya kwatanta 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka. An samu kimanin mutum 2 cikin 100 a Ibadan, 8 cikin 100 a can. Ke nan ko a inda ta yi ƙaranci, tana nan. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ba baƙi ba ne a gidajenmu, suna haddasa nau'i na biyu mafi yawa, wanda ke zuwa idan jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata.

"Tsohon da ya ruɗe dare ɗaya, shi ma tsufa ne"

Jita-jita, kuma a nan ake asarar rayukan da za a iya ceta. Cutar mantuwa tana ɗaukar watanni da shekaru kafin ta bayyana sosai. Dattijon da jiya yake lau, yau ya wayi gari yana sambatu bai gane kowa ba, wani ciwo ne ya kama shi: zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, ciwon mafitsara, faɗuwar sukari, shanyewar ɓarin jiki, ko ƙarancin ruwa a jiki. A bazarar Damargu, watannin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Irin wannan a kai shi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa a ranar, ko a amalanke ne. Idan abin ya fi ƙarfin ma'aikatanta za su tura shi gaba, har zuwa Asibitin Ƙasa na Damagaram. Ko ruɗewar da ta zo a hankali ma tana buƙatar awo, domin ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, tsananin damuwa bayan rashin miji ko ɗa, da wasu ƙwayoyin da ake saya a tebur, duk suna kwaikwayon cutar, kuma ana maganinsu.

"Ba ta da magani, babu abin yi"

Rabi gaskiya. Har yau babu maganin da ke warkar da ita, kuma duk mai tallar gari ko rubutun da ya ce zai dawo da hankalin kaka, kuɗinku yake so. Amma akwai abin yi da yawa. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da, in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, kurumta, raunin gani, kaɗaici da rashin karatu tun ƙuruciya. Awon jini, aikin yanar ido da sa yara makaranta duk rigakafi ne.

Ga wanda ya riga ya kamu, kada a canza masa ɗaki ko tsarin yininsa. Kada a yi musu da shi. Idan Inna ta nemi mijinta da ya rasu, a ja ta da hirarsa. A nesanta ta da rijiya, murhu da magunguna. A sanar da maƙwabta, liman da mai gari, domin duk wanda ya gan ta a hanyar daji ya rako ta gida. Kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar masu cutar a duniya mata ke ɗauka, kuma a garuruwan da maza ke tafiya ci-rani, nauyin kan faɗa kan suruka ɗaya. A riƙa karɓarta ta huta.

Ya ku 'ya'ya da jikoki, idan kun ga dattijonku ya canza, ku tambayi kanku tun yaushe abin ya fara, ku kai shi likita, ku faɗi duk abin da kuka gani ba tare da kunya ba. Marar lafiya ne, kuma haƙƙinsa na iyaye yana kanku har ranar da ya daina gane fuskokinku da bayanta.