Robar da ake bari a hanyar fitsari: haɗarin da ke cikin mantawa da ita

A Maiduguri, inda zafin watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, tsakuwar ƙoda na cikin lalurorin da ke kai jama'a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Bayan an ciro tsakuwar, likita kan bar wata siririyar roba a cikin bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, domin kada kumburi ya toshe hanyar.

Wannan roba, wadda likitoci ke kira DJ, wani likitan Amurka mai suna Roy Finney ne ya fito da ita a shekarar 1978. Tsawonta ga babban mutum kan kai kimanin santimita 26, kuma kawunanta biyu a lanƙwashe suke, ɗaya a ƙoda, ɗaya a mafitsara, don kada ta zame. Da yake ba a ganinta daga waje, majinyaci kan ji sauƙi ya koma garinsu, ya ɗauka an gama komai.

Sai dai robar ta wucin gadi ce. Yawanci ana cire ta bayan 'yan makonni, wanda kuma lalurarsa ta tilasta masa zama da ita, akan sauya masa bayan wata 3 zuwa 6. Idan ta wuce lokacinta, gishirin da ke cikin fitsari kan daskare a jikinta har ya zama dutse. Daga nan takan toshe, ko ta goce daga mazauninta, ko ta tsinke gunduwa-gunduwa. Fitsari sai ya taru a ƙoda, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ƙodar ta lalace sannu a hankali. Aikin da za a iya yi cikin 'yan mintoci da na'urar leƙa mafitsara sai ya koma tiyata, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Robar fitsari ta waje, wadda ake haɗawa da jaka, ita ma tana da nata matsalolin. Ɗan balan-balan ne mai cin ruwa kimanin mililita 10 ke riƙe da ita a cikin mafitsara. Takan lanƙwashe ko ta toshe, fitsari ya riƙa yoyo ta gefenta, wani sa'in kuma balan-balan ɗin ya ƙi sacewa ranar cirewa. Fizgo ta da ƙarfi a gida kan yaga hanyar fitsari, raunin ya warke da tabon da zai tsuke hanyar.

Alamomin da ba a jinkiri a kansu su ne zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon kwiɓi mai tsanani, gudajin jini a fitsari, da tsayawar fitsari baki ɗaya.

Kafin a bar asibiti, ya kamata majinyaci ko mai jinyarsa ya tambayi likita ko an bar roba a jiki, da ranar da za a cire ta, a kuma rubuta masa. Ambaliyar madatsar ruwan Alau ta watan Satumban 2024, wadda ta shiga gidaje da shi kansa asibitin koyarwa, ta nuna yadda takarda ke salwanta dare ɗaya, don haka a ɗauki hotonta a waya, a kuma sanar da wani ɗan uwa. A yawaita shan ruwa, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa. Wanda ranarsa ta riga ta wuce, ya koma asibiti ko da ba ya jin ciwon komai.