Asabar ɗin Malamin Ingilishi da Matsayin Baƙo a Dokar Ƙwadago ta Nijar

Tun da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, muhawara a Yamai ta karkata ga inda za a samo isassun malaman da za su koyar da Ingilishin, domin har yanzu yawancin ɗalibai ba sa haɗuwa da shi sai sun shiga ajin farko na kwaleji. Makarantu masu zaman kansu sun daɗe da gano cewa kalmar "harshe biyu" a jikin allon ƙofa tana jawo iyaye, kuma da dama daga cikinsu suna dogara ne ga malamai daga Gana da Nijeriya da sauran ƙasashen maƙwabta. Abin da muhawarar ba ta cika taɓawa ba shi ne sharuɗɗan da waɗannan malamai suke aiki a kansu, musamman aikin ƙarshen mako da ba a biya da kuma rigingimun kwantiragi da sukan tashi a ƙarshen shekarar karatu.

Baƙon malamin Ingilishi ba sabon abu ba ne a ƙasar. Ƙungiyar 'yan sa-kai ta Amurka mai suna Peace Corps ta fara aiki a Nijar a 1962, kuma rukuninta na farko koyar da Ingilishi ya zo yi. Ta ci gaba da turo mutane har zuwa watan Janairu na 2011, lokacin da aka janye su bayan an sace wasu Faransawa biyu a tsakiyar Yamai. Sai dai waɗancan gwamnatinsu ce ke ɗauke da nauyinsu, da ofishi da likita da tikitin komawa gida. Malamin da ya shigo ta Birnin Ƙonni ko ta Gaya a motar haya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya dogara da shi a da shi ne yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 kan 'yancin zirga-zirga, sai kuma alkawarin baka da ya yi da mai makaranta, wanda a Nijar ake kira fondatar.

Koken da ake ji kusan iri ɗaya ne. An yi magana a watan Oktoba kan darussa daga Litinin zuwa Jumma'a, amma da zarar jarrabawar birebe da ta bakaloreya sun fara matsowa sai a ƙara darasin bita na safiyar Asabar, a ƙara jarrabawar gwaji da za a tsare ɗalibai a kanta, a ƙara taron malamai da na iyaye, wani lokaci har da Lahadi, kuma idan wata ya ƙare sai a miƙa wa malami kuɗinsa a ambulan ba tare da takardar da ta nuna yadda aka lissafa su ba. Idan ya tambayi kuɗin Asabar, amsar da ya fi samu ita ce "ai taimakon yara ne," ko kuma a tuna masa cewa shi baƙo ne.

Wannan magana ta biyu ita ce kuskuren da ya fi yaɗuwa, kuma ya fi kowane ɓarna domin su kansu malaman sun yarda da shi. Dokar Ƙwadago ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta bayyana ma'aikaci da cewa shi ne duk mutumin da ya amince ya yi aiki domin a biya shi, a ƙarƙashin jagoranci da ikon wani, ba tare da la'akari da jinsinsa ko ƙasarsa ba. Abin da dokar take dubawa shi ne dangantakar da ke tsakanin mutum biyu: wane ne ke tsara jadawali, wane ne ke ba da umarni, wane ne ke iya hukunta wanda ya makara. Malamin da aka ba jadawalin darasi, aka ce ya sa hannu a rajistar zuwa da tashi, aka kuma ƙayyade masa littafin da zai koyar, ma'aikaci ne a idon doka, ko daga Kumasi ya zo ko daga Dosso, kuma duk abin da dokar ta tanada game da sa'o'in aiki da hutu da biyan albashi ya hau kansa.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa inda babu takarda babu kwantiragi. Gaskiyar lamarin ta saɓa wa haka, domin rashin takarda ya fi jefa mai makaranta cikin matsala fiye da malami. Dokar ta raba kwantiragi gida biyu. Akwai mai wa'adi, wanda aka san ranar ƙarewarsa tun farko, kuma dole ne a rubuta shi, ba ya kuma wuce shekara biyu kafin a sabunta. Akwai kuma marar wa'adi, wanda ba a iya katse shi sai da dalili karɓaɓɓe da sanarwa tun da wuri. Kwantiragin da aka ce mai wa'adi ne amma bai cika sharuɗɗansa ba, doka tana ɗaukarsa marar wa'adi. Saboda haka fondatar da ya ɗauki malami da baki, ya riƙe shi shekara bayan shekara, sannan wata rana a watan Yuni ya ce masa "sai mun neme ka," bai rabu da shi a banza ba kamar yadda yake zato. Korar ma'aikaci ya yi, kuma kora tana da ƙa'idojinta da haƙƙoƙin da ke biyo bayanta.

Game da baƙo, dokar ta ƙara wani sharaɗi, wato a rubuta kwantiraginsa a kuma kai shi hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, ta sa masa hatimin amincewa. Nan ne ake yawan juya wa malamai magana, a ce musu tun da kwantiraginsu ba shi da hatimi ba su da bakin kai ƙara. Alhali neman wannan hatimi nauyi ne da ke kan mai ɗaukar aiki, kamar yadda yi wa ma'aikaci rajista a asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, CNSS, da zuba masa kaso a kowane lokaci yake kansa. Ba daidai ba ne wanda ya ƙi sauke nauyin da doka ta ɗora masa ya dawo ya mai da wannan ƙin hujjar hana wani haƙƙinsa.

Batun Asabar kuwa yana buƙatar a bi shi a hankali, domin a nan malamai ma sukan yi kuskure. Dokar ba ta ce ranar Asabar ranar hutu ce ba. Abin da ta ƙayyade shi ne sa'o'i 40 na aiki a mako, da hutun mako na aƙalla sa'o'i 24 a jere wanda bisa ƙa'ida yake faɗowa ranar Lahadi, sannan duk sa'ar da ta haura 40 ta zama sa'ar ƙari, wadda ake biya da kuɗin da ya fi na sa'ar da aka saba. Mai makaranta yakan kafa hujja da wannan, ya ce malamin da ke shiga aji sa'o'i 20 ko 24 a mako bai kai ko kusa da 40 ba, saboda haka Asabar ɗin tana cikin albashinsa. Lissafin yana da kama da gaskiya, amma ya ginu ne kan ɗaukar cewa aikin malami yana farawa lokacin da ya ɗauki alli ya kuma ƙare lokacin da aka buga ƙararrawa, wanda daidai yake da a ce aikin mai sayar da tuwo shi ne kwasawa a kwano kawai, a manta da surfe da niƙa da tankaɗe da tuƙi. Malamin Ingilishi mai aji huɗu ko biyar, kowane aji cike da ɗalibai, yana komawa gida da tarin takardun insha'i waɗanda sai ya bi su layi-layi da jan biro, yana gyara nahawu da rubutu, yana shirya darasin gobe, yana cika rajistar maki. Shawarar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNESCO suka amince da ita ranar 5 ga Oktoba 1966 game da matsayin malamai, wadda ta shafi makarantun gwamnati da masu zaman kansu baki ɗaya, ta faɗi a fili cewa wajen ƙayyade sa'o'in koyarwa dole a yi la'akari da yawan ɗalibai da lokacin shirya darasi da na gyaran aiki. Ban da wannan ma, idan an yi yarjejeniya kan wani adadi na sa'o'in aji, duk abin da aka ƙara a kai sabon aiki ne da ba ya cikin farashin farko, kuma ɗaya daga cikin ɓangarori biyu ba ya da ikon sauya yarjejeniya shi kaɗai. Lamarin ya fi muni a inda ake karɓar kuɗi na musamman daga iyaye domin darasin Asabar ɗin, amma wanda ya tsaya gaban allo bai ga ko dala ba.

Akwai kuma tsarin da ake kira bakater, wato malamin da ake biya gwargwadon sa'o'in da ya koyar. Tsarin yana da amfani ga malamin gwamnati da ke zuwa ya ba da darasi biyu ko uku a wata makaranta bayan ya tashi aiki. Idan aka ɗora shi kan mutumin da ba shi da wani aiki sai wannan, wanda ke makarantar daga safe zuwa yamma, sakamakonsa shi ne babban hutu na Yuli zuwa Satumba ya zo masa babu albashi, ga kuɗin haya yana tafiya, ga kuɗin motar zuwa gida. Sunan da aka laƙaba wa aiki ba ya sauya haƙiƙaninsa a gaban alƙali.

Ba za a fahimci yadda wannan ɗabi'a ta samu gindin zama ba sai an dubi abin da ita kanta gwamnati ta yi da aikin koyarwa. Daga 1998 Nijar ta fara ɗaukar waɗanda aka kira 'yan sa-kan ilimi, waɗanda daga baya suka koma malaman kwantiragi, ana ba su alawus da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, har suka zama mafi rinjaye a cikin malaman firamare. Jinkirin biyan wannan alawus ya zama sanadin yajin aiki shekara da shekaru daga ƙungiyoyin malamai irin su SNEN da SYNACEB. A 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé yake ministan ilimin firamare, an yi wa dubban malaman kwantiragi jarrabawar tantancewa duk da adawar ƙungiyoyinsu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. An yi ta magana a lokacin kan raunin malaman, aka taƙaita magana kan irin sharuɗɗan da aka ɗauke su a kai. Inda babban mai ɗaukar malamai a ƙasa ya saba wa jama'a da ganin malami a matsayin wanda ake biya kaɗan kuma a makare, da wuya ƙaramin fondatar ya ji kunyar yin haka, balle ga baƙon da ba ya cikin wata ƙungiyar ƙwadago.

Matsayin baƙon ya ƙara rauni a 'yan shekarun nan. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a cikin wannan watan ne hukumomin Nijar suka fitar da dokar da ta tsananta sharuɗɗan shigowa da zaman baƙi. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ke zaune a cikinta, kuma wajibi ne malami ya gyara takardunsa na zama. Amma batun takardun zama daban, batun albashin aikin da aka riga aka yi daban. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan kare haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani a shekarar 2009, kuma yarjejeniyar ta tanadi daidaito tsakanin baƙo da ɗan ƙasa a albashi da sa'o'in ƙari da hutun mako, ta kuma ce matsalar takardun ma'aikaci ba ta sauke wa mai ɗaukar aiki nauyin da ke kansa. Ƙasar da 'ya'yanta suka bazu suna neman abinci a Kano da Legas da Akara da Abijan tana da dalili na musamman na riƙe wannan ƙa'ida da kyau.

Hanyar neman haƙƙi a buɗe take, ko da yake mutane ƙalilan ne ke bin ta. Ana fara kai koke ofishin sufeton ƙwadago, wanda zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. Idan an daidaita a rubuta, idan ba a daidaita ba maganar ta wuce kotun ƙwadago, inda shari'a kyauta ce. Doka ta wajabta a biya albashin wata cikin kwana takwas bayan ƙarewarsa, a kuma ba ma'aikaci takardar biya, sannan sa hannun da ya yi a kan takardar da ta ce an sallame shi da duk haƙƙinsa ba ya hana shi neman abin da ya rage. Abin da ke kayar da malamai shi ne rashin hujja da kuma jinkiri, domin neman bashin albashi yana da wa'adin da idan ya wuce shi ke nan. Jadawalin darasi mai hatimin makaranta, da littafin aji da malami ke rubuta darasin da ya bayar da kwanan wata, da saƙon WhatsApp da darakta ya aiko yana cewa a fito ranar Asabar da ƙarfe takwas, duk hujjoji ne da ya kamata a adana tun daga watan Oktoba.

Sai dai bai kamata a bar nauyin duka a kan mutumin da ke tsoron rasa aikinsa da wurin zamansa a lokaci guda ba. Ma'aikatar da ke ba makaranta izinin buɗewa tana iya neman ganin kwantiragin kowane malami da lambar rajistarsa ta CNSS a farkon kowace shekarar karatu, kuma sufetocin ƙwadago suna da ikon shiga wuraren aiki ba sai an kai musu ƙara ba. Iyayen da ke biyan kuɗin darasin Asabar su ma suna da damar tambayar mai makaranta, a taron iyaye da malamai, nawa ne daga cikin kuɗin yake isa hannun wanda ya koyar.