Attajiran da Suka Gina Kasuwancin Kano

Tun kafin zuwan Turawa, fatauci ne ƙashin bayan arzikin Kano. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna kai kanwa da rinannun tufafi Gwanja, su komo da goro a kan jakai. A cikin wannan sana'a Alhassan Dantata ya tashi. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro a ƙasar da ake kira Ghana a yau, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta sauya akalar ciniki. Kamfanonin Turawa suna neman gyaɗa, amma ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. Sai suka dogara da attajiran gari irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Dantata, masu yara a kowace kasuwar karkara. Dantata ya yi wa sauran zarra: shi ya zama babban mai saye wa kamfanin UAC gyaɗa, kuma da sunansa ake tuna dalar gyaɗa. Da aka buɗe banki a Kano a 1929, kuɗin azurfa lodin raƙuma ashirin ya kai ajiya. Ya rasu a 1955.

'Ya'yansa, musamman Sanusi da Aminu, sun faɗaɗa harkar zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta ba 'yan kasuwar gida damar sayen hannun jari a masana'antun Bompai da Sharada, inda Kwara 'yan Labanan suka daɗe da kafuwa. A wannan zamani ne Isyaku Rabiu, malamin Alƙur'ani, ya kafa masaƙar Bagauda, Nababa Badamasi kuma ya kafa ta Gaskiya daga baya.

Abin takaici, rashin wutar lantarki da faɗuwar darajar naira tun daga 1986 da kwararowar atamfofin waje sun durƙusar da yawancin masaƙun. Zuriyar dai ba ta bar fage ba. Aliko Dangote jikan Sanusi Dantata ne ta wajen uwa, Abdussamad mai kamfanin BUA kuma ɗan Isyaku Rabiu ne, sai dai manyan masana'antunsu na siminti da sukari ba a Kano suke ba.